Tambaya da Amsa: Yadda ƙungiyoyin kiɗan rok suke tasowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na Turawa, irin su Beatles da Rolling Stones, samarin unguwa ne da ba su yi makarantar kiɗa ba. To yaya aka yi suka faro, kuma me ya sa suka yi fice alhali sa'o'insu da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Sannan masu jitar nan na Agadas da ake kira 'yan rok na Sahara, hanyarsu ɗaya ce da ta waɗancan? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Babu ko ɗaya cikin Beatles huɗun nan da ya iya karanta rubutun kiɗa sa'ad da suka yi suna. Sai dai wanda ya tsaya a nan zai ɗauka dare ɗaya Allah ya yi su, alhali tsakanin ranar da John Lennon ya haɗu da Paul McCartney da ranar da faifansu na farko ya shiga kasuwa shekara biyar ce da 'yan watanni. A cikin shekarun nan amsar tambayarka take.

Mu fara da abin da ake kira ƙungiyar rok. Mafi yawanci mutum huɗu ne ko biyar. Akwai mai ganguna, wanda shi ke riƙe da saurin kiɗan. Akwai mai jitar bes, wato jita mai tsirkiya huɗu masu kauri da ke ba da sautin ƙasa. Sai mai jitar da ke cike tsakiya, da mai jitar da ke jan gaba yana kukan waƙar, sannan murya. A ƙungiyar makaɗan Hausa ta gargajiya an san waye maigida, an san 'yan amshi, an san yaran da ke riƙe da kalangai, kuma rabon kuɗi ma a kan haka yake tafiya. Ƙungiyar rok kuwa abokai ne sa'annin juna, kowa na ganin shi ma mai ƙungiya ne. Daga nan ƙarfinta yake, daga nan kuma rigimarta take tasowa.

Dalilin da ya sa abin ya ɓarke a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1950 shi ne wani kiɗa mai araha da ake kira sikiful, wanda Lonnie Donegan ya yayata a 1956. Kayansa a tsakar gida ake samunsu: jita maras lantarki, allon wanki na ƙarfe da ake gogawa da yatsu a madadin ganga, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya aka ɗaura igiya ɗaya ya zama bes. Yaro ya koyi kamun yatsu uku a wuyan jita, to ya isa ya hau dandamali. Dubban yara suka kafa ƙungiyoyi. Abu biyu kuma suka taimaka. Na farko, shaguna suna sayar da jita da amfilifaya bashi, a riƙa biya mako-mako. Na biyu, gwamnati ta daina ɗaukar samari aikin soja na dole a 1960, kuma waɗanda aka haifa daga ƙarshen 1939 ba a kira su ba. Lennon da Ringo Starr, wanda daga baya ya zama mai gangan Beatles, 'yan 1940 ne. Da an haife su kafin ƙarshen 1939 ɗin, da an kwashe su bariki na shekara biyu daidai lokacin da ƙungiya ke neman tsayawa da ƙafarta.

Lennon ya kafa tasa da 'yan makarantarsu a Liverpool, suka sa mata suna Quarrymen saboda sunan makarantar Quarry Bank. Ranar 6 ga Yuli 1957 suna wasa a wani bikin coci a unguwar Woolton aka gabatar masa da McCartney, yaro ɗan shekara 15. Abin da ya ɗaga darajar yaron a ranar ƙaramin abu ne: ya iya saita tsirkiyoyin jita, ya kuma haddace kalmomin waƙoƙin Amurka daga farko har ƙarshe. Shi Lennon kamun banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan jita, mahaifiyarsa ta koya masa, da shi yake kaɗa jita, kalmomi kuwa inda ya manta sai ya ƙirƙira. George Harrison ya shigo a 1958. A wannan shekarar suka haɗa sule 17 da sisi suka shiga wani ƙaramin situdiyo da ke cikin gidan wani mutum, suka fito da faifai ƙwaya ɗaya tak, suna karɓa-karɓa a tsakaninsu.

Daga nan zuwa 1960, shekarar da ƙungiyar ta koma amsa sunan Beatles, abin bai yi armashi ba. 'Yan ƙungiya suna zamewa, ya rage masu jita uku, babu bes babu ganga. Wannan ita ce cutar kusan kowace sabuwar ƙungiya, kuma dalilinta kuɗi ne. Jita tana da araha, ana rataya ta a shiga bas. Ganguna kuwa suna da tsada, suna buƙatar mota, maƙwabta kuma ba sa barin a yi atisaye da su. Saboda haka mai ganguna shi ake bi ana roƙo, ko da bai ƙware ba. Bes ɗin ma ta haka aka same ta: Stuart Sutcliffe, abokin Lennon a makarantar zane, ya sayar da wani zanensa fam 65, suka lallashe shi ya sayi jitar bes, bai taɓa kaɗa ta ba. Pete Best kuma an ɗauke shi a watan Agusta 1960, 'yan kwanaki kafin tafiya Jamus, domin yana da sababbin ganguna kuma kwantiragin ya ce sai da mai ganga.

Tafiyar Hamburg ce ta mai da su makaɗa, don haka bari mu ɗan daɗe a kanta. Allan Williams, mai wani gidan shan kofi a Liverpool, shi ya haɗa su da Bruno Koschmider, mai gidajen rawa a unguwar St. Pauli, unguwar mashaya da matuƙan jirgin ruwa. Sun fara a kulob ɗin Indra ranar 17 ga Agusta 1960, suka yi dare 48, sannan aka mai da su Kaiserkeller. Aikin awa huɗu da rabi ne a ranakun mako, awa shida a ƙarshen mako, ladan kowa kimanin fam biyu da rabi a rana. Makwancinsu wasu ɗakuna ne marasa taga a bayan majigin wani ƙaramin gidan sinima, kusa da bayan gida.

Ka lissafa abin da awa shida ke nufi. Waƙar rok ta lokacin minti biyu da rabi ce zuwa uku. A Liverpool ƙungiya takan hau ta yi waƙa goma sha wani abu ta sauka, gobe ta maimaita su a wani zauren. A Hamburg kuwa waƙoƙinka za su ƙare tun dare bai raba ba, ga mutane iri ɗaya suna dawowa kullum. Dole suka koyi duk abin da kunnensu ya ji, tsofaffin waƙoƙi da sababbi, masu zafi da masu sanyi. Dole suka koyi jan waƙar minti uku ta kai minti goma ko fiye. Murya ɗaya ba ta iya ɗaukar dare, sai aka raba waƙa tsakanin Lennon da McCartney da Harrison, abin da ya sa daga baya suka zama ƙungiya mai mawaƙa uku da muryoyinsu suka saba hawa kan juna. Koschmider kuma yana tsaye yana daka musu tsawa da Jamusanci cewa su motsa jiki, domin shi giya yake sayarwa, mai wucewa a titi yake so ya leƙo ya zauna. A ganina babu malamin kiɗan da zai koya wa mutum abin da wannan matsin ya koya musu. Wanda ya kaɗa ɗaruruwan waƙoƙin wasu, hannunsa ya san yadda ake ɗinka waƙa tun kafin ya zauna rubuta tasa.

Abin yana da nasa sharrin. A nan suka fara haɗiyar ƙwayar Preludin don kore barci. Zuwan farko kuma da kora ya ƙare. Sun fara leƙawa kulob ɗin Top Ten, abokin gasar Koschmider, alhali kwantiraginsu ya hana su wasa a wani wuri a yankin. A watan Nuwamba hukuma ta gano Harrison ɗan shekara 17 ne, doka kuma ta hana wanda bai kai 18 ba zama a gidan rawa bayan ƙarfe goma na dare, aka tasa ƙeyarsa gida. McCartney da Best suka bi bayansa kan zargin kunna wuta a makwancin nasu. Duk da haka sun koma: dare 92 a Top Ten a 1961, sannan sau uku a Star-Club a 1962. Jimilla sun haura dare 250 a birnin. Sutcliffe ya bar ƙungiyar a 1961 ya koma zane, ya rasu a Hamburg a watan Afrilu 1962. McCartney ne ya karɓi bes, ya sayi ƙirar Höfner mai siffar goge a kan kimanin fam 30, domin shi bahago ne, ita kuma ɓangarorinta biyu daidai suke, ko ta wane hannu aka riƙe ta ba ta yin muni.

An ga bambancin tun ranar 27 ga Disamba 1960 a zauren Litherland da ke arewacin Liverpool. Takardar talla ta ce daga Hamburg suke, har wasu suka ɗauka Jamusawa ne. Masu rawa suka bar rawa suka yi dafifi gaban dandamali. Daga Fabrairu 1961 suka samu gindin zama a Cavern, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da a da ma'ajiyar kaya ne, inda suka yi wasa kusan sau 300 zuwa Agusta 1963, da yawa da rana tsaka lokacin da ma'aikatan ofis da 'yan matan kanti ke fitowa cin abinci. Ka lura da wannan, Malam: wuri ɗaya, a kai a kai. Haka ake tara masoya na gaske, waɗanda ranar da faifai ya fito za su je su saya a makon farko.

A nan Brian Epstein, mai kula da shagon fayafayai na iyayensa, ya gan su ranar 9 ga Nuwamba 1961, ya zama manajansu a Janairu 1962. Bai canza kiɗansu ba. Ya cire musu rigunan fata ya sa musu kwat, ya hana cin abinci da shan taba da ashar a kan dandamali, ya sa a rubuta jerin waƙoƙi kafin a hau, a kuma zo a kan lokaci. Waɗannan su ne abin da masu manyan zaure da gidan rediyon BBC ke dubawa kafin su ba da aiki.

Gwajinsu na farko a babban kamfani faɗuwa suka yi, kuma dalilan a fili suke. Kamfanin fayafayai na Decca ya kira su Landan ranar 1 ga Janairu 1962. Sun kwashe kusan awa goma a mota cikin dusar ƙanƙara a jajibirin sabuwar shekara, direba ya ɓata hanya. Aka sa su kiɗa da safe, mutanen da suka saba farawa da dare. Injiniyoyi suka ce amfilifayoyinsu ba su da kyau, aka ba su wasu da ba su saba da su ba. Cikin waƙa 15 da suka yi, uku kaɗai ne nasu, sauran gauraye ne na neman nuna sun iya komai, ba a gane inda suka dosa ba. Decca ta ɗauki Brian Poole da Tremeloes, waɗanda ke zaune kusa da Landan, sun fi sauƙin kira.

George Martin na Parlophone, wani ƙaramin reshe na kamfanin fayafayai na EMI da aka fi sani da fayafayan barkwanci, shi ya ba su dama ranar 6 ga Yuni 1962. A nan matsalar ganga ta fito. A cikin kulob, inda ƙara ta cika ɗaki, duka mai ƙarfi ya wadatar. A situdiyo kuwa makirufo ba ya rufa asiri: in mai ganga ya ɗan ƙara sauri wajen amshi ya ja baya wajen baiti, tef zai nuna. Na'urar lokacin kuma layi biyu take ɗauka, kowa na kaɗawa tare, kuskuren mutum ɗaya sai a koma farko. Martin ya ce zai ɗauko mai gangan haya ranar ɗaukar faifai. Sauran ukun suka sa Epstein ya sallami Best ranar 16 ga Agusta, suka ɗauko Ringo Starr, wanda suka sani tun Kaiserkeller yana kaɗa wa ƙungiyar Rory Storm. Shi ma bai tsira nan take ba, domin a zaman 11 ga Satumba Martin ya zaunar da Andy White a kan ganguna, aka miƙa wa Ringo kacau-kacau. Faifan farko ya fito ranar 5 ga Oktoba 1962 ya tsaya a lamba 17. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 suka ɗauki waƙa goma a yini ɗaya don cika kundinsu na farko. Ƙungiyar da ba ta yi Hamburg ba ba za ta iya wannan ba.

Rolling Stones ta wata ƙofa suka shigo, amma matakan kusan ɗaya ne. Mick Jagger da Keith Richards, waɗanda suka yi firamare tare, sun sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a watan Oktoba 1961. Jagger na rungume da fayafayan Chuck Berry da Muddy Waters da ya yi oda daga kamfanin Chess na Chicago, abin da ba a samu a kanti a Ingila. Brian Jones ya ba da cigiyar makaɗa a wata jaridar kiɗa a 1962, suka yi wasan farko a Marquee ranar 12 ga Yuli. Bill Wyman ya samu shiga a Disamba, kuma ba a ɓoye ba cewa amfilifayoyin da ya zo da su sun taimaka masa ƙwarai. Charlie Watts, mai ganga da ke da aikin albashi, sai Janairu 1963 ya yarda. Nasu gindin zaman shi ne kulob ɗin Crawdaddy a Richmond, duk Lahadi. Can Andrew Oldham, ɗan shekara 19, ya gan su ya zama manaja. Abin da ya fara yi shi ne cire mai fiyano Ian Stewart daga jerin 'yan ƙungiya, wai shida sun yi yawa kuma kamanninsa bai dace da hoto ba. Stewart ya haƙura ya ci gaba da tuƙa musu mota yana kaɗa fiyano a fayafayansu har rasuwarsa a 1985. Decca, da ta riga ta ciji yatsa kan Beatles, ba ta yi jinkirin ɗaukarsu ba.

Su kuwa sa'o'in nasu da suka ɓace, yawancinsu ba rashin iyawa ya kashe su ba. Wani ya yi aure ya nemi aikin albashi, wani ya kasa biyan bashin amfilifaya aka zo aka ɗauke, wasu kuma sun tsaya kan waƙoƙin Amurka ba su rubuta nasu ba, ranar da kasuwa ta juya ba su da abin sayarwa. Ƙungiyar Rory Storm ta fi Beatles suna a Liverpool a 1960, amma ba ta da marubucin waƙa.

Sai maganar takarda, wadda har waɗanda suka yi nasara ta ci su. Kwantiragin farko na Beatles da EMI kwabo ɗaya ne a kan kowane faifai da ake sayarwa sama da sule shida, kuma kwabon nan su huɗu za su raba bayan manaja ya cire nasa, wanda ke iya kaiwa kashi 25 cikin ɗari. Fam ɗaya a lokacin kwabo 240 ne, ke nan faifai miliyan guda bai wuce fam dubu huɗu da ɗoriya ba. Kuɗin gaske yana wajen mallakar rubutun waƙa. A Fabrairu 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe waƙoƙin Lennon da McCartney, kowannensu ya samu kashi 20, Epstein 10, sauran ya tafi ɓangaren Dick James mai buga waƙoƙi. A 1969 James ya sayar da rabonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya tuntuɓe su ba, a 1985 kuma Michael Jackson ya sayi ATV ɗin a kan dala miliyan 47 da rabi. Oldham ya fi wayo a nan: shi ya riƙa biyan kuɗin situdiyo, tef ɗin asali ya zauna a hannun kamfaninsa, Decca haya kawai take karɓa. Ko da yake su ma Stones daga baya sun rasa mallakar fayafayansu na shekarun 1960 ga wani manajan. Wata rigimar kuma cikin gida take: wanda sunansa ke kan waƙa ya fi mai ganga samu nesa ba kusa ba, shekara biyu uku sai gaba ta shiga. U2, waɗanda suka faro a Dublin a 1976 bayan Larry Mullen, ɗan shekara 14, ya liƙa takardar cigiya a allon sanarwar makarantarsu, sun zaɓi raba kuɗi daidai tun farko, kuma mutum huɗun nan ne har yau.

Game da masu jitar Sahara, kamannin akwai su, amma tushen daban ne. Kiɗansu daga waƙoƙin Abzinawa da kiɗan tende ya fito, jita ce ta zo ta same shi. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ƙungiyar kuma ta taru ne a wajen 1979 tsakanin 'yan gudun hijira a Tamanrasset ta Aljeriya, sannan a sansanonin Libiya. Babu kamfani, babu manaja: kaset ne ake kwafa hannu da hannu shekara da shekaru kafin Turai ta ji su, har suka ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar na Nijar, wanda shi ma bahago ne kuma da wayar keke ya fara, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da muryar nan ta na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu ta bulutut da katin waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsince su ya nemo mai su. Inda hanyar ta haɗu da ta Liverpool shi ne wurin horo. Abin da Indra da Cavern suka yi wa Beatles, gidajen biki na Agadas ne suka yi wa su Mdou Moctar da Bombino, wani mai jita ɗan Agadas: awoyi a tsaye ana kaɗawa da janareta da ƙaramar amfilifaya, gaban mutanen da suka zo rawa, waɗanda in kiɗa ya yi sanyi za su watse. Saurin hannu da ƙarfin gangar da ake jin su da shi a fayafayansu na yanzu, a can suka samo su.